Gargaɗi ga masu sayen tsofaffin hotunan yara a intanet

Jama'a, musamman 'yan uwanmu mazauna Ingila da Amurka da suka fara sha'awar tara kayan tarihi, da waɗanda ke aika kuɗi daga gida a saya musu, ku yi hattara da wata damfara da ta yi katutu a kasuwar tsofaffin hotuna. Hotunan yara ne na ƙarshen ƙarni na 19, tsakanin 1870 zuwa 1900. Ana tallarsu a eBay da Etsy da zaurukan Facebook, kuma yawancin masu sayarwa mutanen kirki ne masu neman halal. Amma a cikinsu akwai waɗanda za su ɗauko hoton yaro mai rai, lafiyarsa ƙalau, su rubuta cewa gawa ce aka ɗauka, don kawai farashi ya ninka.

Dalilin ba boyayye ba ne. A wancan zamani an buga irin waɗannan hotuna, manne a kan kati, miliyoyi. Akwai ƙarami, katin ziyara, mai kamar santimita 6 da 10, wanda wani mai hoto, Disdéri, ya yi wa rajista a Paris a 1854. Akwai babba, katin kabinet, mai kamar santimita 11 da 16 da rabi, wanda ya bazu daga 1866. Saboda yawansu, hoton yaron da ba a san sunansa ba fam kaɗan ne a kasuwar kayan da. Hoton gawa na gaskiya kuwa ba shi da yawa, kuma akwai masu neman sa ido rufe. To daga nan ɓarawo ya samu ƙofa.

Hujjarsu ta farko ita ce wani ƙarfe da ake hangowa a ƙasa, bayan takalman yaron. Mai sayarwa zai zagaye shi da jan layi, ya ce da shi aka tokare gawar ta tsaya. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ƙarfen matokarin kai ne, kuma da wuya ka samu shagon hoto na lokacin da ba shi da shi. Sanda ce siririya, a samanta akwai ɗan maƙali da ke taɓa ƙeya, aikinsa ya hana mai rai motsi. Da jiƙaƙƙen gilashin ɗaukar hoto da Frederick Scott Archer ya fito da shi a 1851, sai mutum ya yi daƙiƙoƙi bai motsa ba kafin hoto ya kama a cikin ɗaki, kuma kowa ya san yaro ɗan shekara huɗu ba ya iya wannan. Ko da busasshen gilashi ya yaɗu a shekarun 1880 lokacin ya ragu sosai, masu shago ba su jefar da matokarinsu ba. Duk wanda ya taɓa sa hannu aka ɗaga mamaci zuwa makara ya san nauyin gawa, ya kuma san gwiwa ba ta riƙe jikin da rai ya bari. Sandar da ba ta ɗaure kowa ba, taɓa ƙeya kawai take yi, ta yaya za ta tsayar da gawa cak, kai a miƙe, hannu a kan kujera? Yaron da ka gani a tsaye da ƙarfe a bayansa, rayayye ne.

Sai maganar ido. Za su ce ka duba, ai an zana masa ido ne a kan fatar ido bayan ya cika. Abin da ya faru shi ne, sinadarin ɗaukar hoto na zamanin yana mayar da shuɗi fari-fari, ja kuma ya yi duhu. Yaron Bature mai shuɗin ido sai ya fito kamar ba shi da ƙwayar ido, sai mai hoto ya sa fensir ko tawada ya gyara, wani lokaci gyaran ya yi muni. Haka hannun da sanyi ya sa ya yi ja ke fitowa baƙi-baƙi, su kuma su ce jini ne ya kwanta. Rashin murmushi ma sun mayar da shi hujja, alhali a lokacin manya da yara duk haka suke tsuke fuska gaban kyamara.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na uwa a lulluɓe. Jariri ba ya zama shi kaɗai, sai uwar ta zauna a kujera a rufa mata mayafi ko labule, ta riƙe shi ta baya, don hoton ya fito na jaririn kawai. Idan aka sa hoton a firam, gefen ya rufe ta. Yau sai ka ga an ciro shi an rubuta wai uwa ce cikin makoki riƙe da gawar ɗanta. Baiwar Allah ta yi wa ɗanta wanka, ta sa masa rigarsa mafi kyau, ta biya kuɗinta don ta aika wa kakarsa, bayan shekara ɗari da wani abu wani ya zo ya kashe mata shi da baki saboda fam hamsin. Yaron nan ɗan wani ne, mai yiwuwa ya girma ya haifi 'ya'ya, jikokinsa na nan da rai. Wallahi ko kuɗinka bai salwanta ba, bai kamata ka taimaka wa wannan sana'a ba.

Ba ina cewa babu hoton gawa na gaskiya ba. Akwai. A Ingila ta shekarun 1890, kusan jarirai 150 cikin kowane 1,000 ba sa cika shekara, kuma iyaye da dama ba su da wani hoton ɗansu sai wanda aka ɗauka ranar da ya rasu. Amma irin wannan ba ya buƙatar jan layi ko dogon bayani. Yaron a kwance yake, a gado ko a akwatin gawa ko a cinyar iyayensa, sau da yawa da furanni kewaye da shi. Inda ake iya ruɗewa shi ne jariri mai barci, domin masu hoto suna son ɗaukar jariri yana barci tunda ba ya motsi. A nan mai gaskiya zai ce maka ba shi da tabbas, ya sa farashin da ya dace da rashin tabbas.

Wannan ke nan idan hoton kansa tsoho ne, labarin ne kawai na ƙarya. Akwai waɗanda hoton ma jabu ne. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da gidajen tarihi da yawa sun zuba dubban tsofaffin hotuna a intanet kyauta. Ɗan damfara ya sauke, ya buga a firinta, ya shafa ruwan shayi, sannan ya manna a kan tsohon kati na gaske da ya saya da araha. Ka juya baya ka ga sunan mai hoto da adireshinsa na London ko Boston cikin adon zinariya, hankalinka ya kwanta. Bayan katin gaskiya ne, fuskar ce ta jiya.

Gane shi ba wuya idan ya zo hannunka. Hotunan zamanin, har zuwa wajen 1890, galibi a kan takarda ce siririya ƙwarai da aka shafe da farin ƙwai, shi ya sa ake manna ta a kati don kada ta nannaɗe. Ka sa gilashin ƙara girma irin na maƙeran zinariya: na gaske za ka ga launi na tafiya sumul, sau da yawa da ƙananan tsage-tsage a fuskar takardar, na firinta kuwa ɗigo-ɗigon tawada ne. Ka haska shi da fitilar nan ta duba jabun kuɗi. Takardar zamani tana walƙiya shuɗi-fari saboda sinadarin ƙara haske da aka fara sa wa takardar hoto a shekarun 1950. Ka kuma shafa gefen da yatsa ka ji ko akwai takarda biyu a kan juna. Idan hoton kan farantin ƙarfe ne, wanda suke kira tintaif, mayen ƙarfe zai kama shi. Da yawa daga cikin na zamani a kan alminiyam ake yin su, ba ya kamawa. Waɗanda ƙirƙirarriyar basira ta haɗa kuwa, ka ƙirga yatsun yaron, ka duba maɓallan rigarsa, ka yi ƙoƙarin karanta duk wani rubutu da ke cikin hoton.

Mu ma abin ya fara zuwa ƙofarmu. Za ka ga katin gidan waya an rubuta a tallarsa wai yaran Hausawa a Kano, 1885. Ka nemi a nuna maka bayansa. Idan akwai layi a tsakiya da ya raba wajen saƙo da wajen adireshi, Ingila sai a 1902 ta amince da irin wannan, saboda haka katin ba zai kai 1885 ba. A shekarar nan Kano tana ƙarƙashin Sakkwato, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, Turawan da suka isa birnin 'yan ƙalilan ne irin su matafiyi Bajamushe Paul Staudinger, kuma sai a Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci garin. Masu shagon hoto na wancan ƙarni a bakin teku suke, kamar zuriyar Lutterodt a Accra da J. A. Green a Bonny. Hoton yaron Bahaushe na kafin 1900 mai hatimin shagon Accra ko Legas abu ne mai yiwuwa, tunda Hausawa na zaune a can. Wanda aka ce daga cikin ganuwar Kano ya fito, sai an kawo hujjar waye ya ɗauka da hannun da ya bi.

Ku kuma sani cewa ko hoton da aka ɗauka a wancan lokacin yana iya zama shiri. A 1877 an kai Thomas Barnardo, mai gidajen marayu a London, gaban kwamitin sasanci, bayan wani limamin coci mai suna George Reynolds ya zarge shi da abubuwa da dama, ciki har da sa wa yara tsumma a ɗauke su don a tara gudummawa. An wanke shi daga manyan zarge-zargen, amma kwamitin ya yi tir da shirya hotunan. Saboda haka katin maraya cikin tsumma yana iya zama tsoho na gaske, ba tare da ya nuna yadda aka tsinci yaron ba.

Kafin ka biya, ka nemi hoton gaba da baya da gefe, an ɗauka kusa-kusa cikin hasken rana. Ka sa hoton a Google Lens ko TinEye, masu nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Idan ya fito a shafin wani gidan tarihi, ko shago uku na sayar da shi a lokaci guda kowa na cewa shi kaɗai ke da shi, ka bar shi. Ka duba sauran hajar mai shagon: idan kusan kowane yaro a shagonsa gawa ne, ka san da wanda kake magana. Kada ka yarda ya janye ka zuwa WhatsApp da sunan ragi, kuma kada ka biya ta hanyar PayPal ta aika wa dangi da abokai, domin ba ta da kariyar mai saye. Biya da katin kyauta (gift card) da turawa kai tsaye ta banki su ma haka.

Wanda ya riga ya saya ya gano an cuce shi, ya ɗauki hoton allo na tallar kafin a goge ta, ya ɗauki kayan yadda suka zo har da ambulan, ya shigar da ƙorafi cewa abin da aka aiko ba shi ne aka bayyana ba. A eBay kwana 30 ne daga ranar da kaya suka iso. Ko an mayar maka da kuɗinka, ka kai rahoton shagon, domin suna ɗora katin nan a kasuwa da zarar ya koma hannunsu.