Gargaɗi kan robar "gyaran muƙamuƙi" da ake talla a waya

Jama'a, a yi hattara da masu tallar wata robar baki a TikTok da WhatsApp. Wai in ka yi sati biyu kana kwana da ita, muƙamuƙin da ya karkace zai miƙe, ciwon kai ya tafi, haƙora su jeru. Sai ka tura kuɗi kafin a aiko, kuma girmanta ɗaya ne, da yaro da babba. Wannan kaɗai ya isa mutum ya gane damfara ce, don bakin wani ba ya zama na wani.

Ta gaskiyar akwai ta. Likitan haƙori kan yi wa mai cizon haƙora cikin barci, ko mai ciwon mahaɗar muƙamuƙi da ke gaban kunne. Amma sai ya duba dasashi, ya ɗauki awon bakin, a ƙera ta daidai da haƙoran mutum, sannan a riƙa komawa yana kankare ta har haƙoran sama da na ƙasa su sauka daidai. Aikinta kare haƙora da sassauta wa tsoka. Ba ta tsawaita ƙashin wanda ya gama girma.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar ba ta nuna kanta da wuri. Idan robar ta rufe wasu haƙora ta bar wasu, waɗanda aka bari sukan yi ta fitowa a hankali, har wata rana mutum ya tarar haƙoransa ba sa haɗuwa, tauna nama ta gagare shi. Mai ciko ko haƙorin roba, ana iya jawo masa asarar aikin da ya kashe kuɗi a kai. Ko a Amurka, a Maris 2023 hukumar FDA mai kula da ingancin abinci, magunguna da kayan asibiti ta yi gargaɗi kan wasu na'urorin faɗaɗa muƙamuƙin manya, bayan rahotannin zubewar haƙora da zaizayar ƙashi. Waɗannan fa a asibiti aka sa su, balle abin da aka aiko a leda.

Duk wanda zai taɓa maka baki, tambaye shi rajistarsa da MDCN, hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. Wanda ya riga ya saya, don Allah ya daina sawa, ya ɗauke ta ya kai sashen haƙori na asibitin gwamnati mafi kusa a duba shi.