Wane Bashi Za A Fara Biya: Ƙarami Ko Mai Yawan Ruwa?

Magidancin da basussuka suka yi wa katutu, ga na banki da ake cirewa daga albashi, ga na manhajar lamuni ta waya, ga na mai shago a unguwa, yana da hanyoyi biyu na fita. A kowacce, zai riƙa biyan kason wata na kowane bashi, sannan ya zuba duk rarar da ta rage a kan guda ɗaya.

Hanya ta farko ita ce a fara da mafi ƙanƙanta. Idan ya biya mai shago naira dubu 15 ya ga an soke sunansa daga littafi, zuciyarsa za ta samu ƙarfin ci gaba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya fara karaya.

Hanya ta biyu ita ce a fara da wanda ruwansa ya fi yawa, domin shi ne ke ƙaruwa dare da rana, kuma a lissafi ita ce ke rage jimlar abin da za a biya. Wahalarta ita ce a kan daɗe ba a ga bashi ko ɗaya ya ƙare ba.

A ganina, a Najeriya ta biyun ta fi, musamman saboda lamunin waya, wanda ruwansa ke da tsanani, kuma wasu masu bayar da shi sun riƙa aika wa dangin mai bashi saƙonnin tozarci har FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ta sa musu ƙa'idoji a 2022. Mai shago kuwa, idan aka je aka yi masa bayani cikin mutunci, sau da yawa yakan ɗaga ƙafa.