Jakar sandunan golf ta Strata: ta ishi mai koyo, amma ba ta san ƙasar Maradi ba

Kamfanin kayan golf na Callaway ne ke sayar da wannan jaka da sunan Strata, an rubuta mata kaya 12. Kada adadin ya ruɗe ka, sanduna 9 ne a ciki, sauran ukun su ne jakar kanta da hulunan rufe kan sanda guda 2. Akwai direba ta bugun nesa, wud mai lamba 3 da ke bin ta a nisa, haibirid mai lamba 5 (ruwa biyu ce, tsakanin wud da sandar ƙarfe), sandunan ƙarfe daga 6 zuwa 9, wej ta ɗaga ƙwallo, sai fota ta tura shi rami. Dokar wasa ta yarda da sanda 14, amma wanda ya fara jiya ko rabin 9 ɗin ba zai gama sani ba a shekarar farko.

Abin yabo a nan shi ne sandunan ƙarfen. Bayan kansu a rarake yake, nauyin ya koma gefe-gefe, don haka ko ba ka sami ƙwallo a tsakiyar fuska ba zai tashi ya yi gaba. Da mai lamba 7 ake fara koyo. Haibirid ma tana da sauƙin hali. Direba ce mai gardama: ta fi kowace tsawo, kuma idan fuskarta ta iso ƙwallo a buɗe, wato a karkace tana kallon dama, sai ka ga ya lanƙwashe ya yi dama, in kai badame ne. Bahago kuwa ya tambaya kafin ya biya, nashi sandunan daban ake ƙera su.

Babban giɓin shi ne babu wej ta yashi. Ga wanda zai yi atisaye a gindin Gulbin Maradi da rani, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Wej ɗin da ke jakar bakinta na nutsewa cikin rairayi, ƙwallo ya tsaya inda yake. Sai ka nemi wej mai kwanciyar fuska digiri 54 zuwa 56, mai faɗin gindi, wadda ke zamewa ƙarƙashin ƙwallo ta fito da shi tare da yashin. Ko ta gwanjo ce ta wadatar.

A kan fako kuma matsalar ta juya. Sanda na dukan ƙasa ta yi tsalle, gindinta ya kakkarce, wuyan hannu ya sha girgiza, ɗan turken ɗora ƙwallo ma ba ya shiga. Maganinsa guntun tabarmar ciyawar roba, kamar santimita 30 da 60, mai huda da za a zura turken roba. Ba ta zuwa da jakar, kuma in babu ita kuɗinka sun tafi a banza.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, kada jakar ta wuni a but ɗin mota. Robar riƙo na bushewa ta yi santsi, gam ɗin da ya haɗa kai da ƙota ya yi laushi. Kafin bugu, riƙe kan ka ɗan murɗa. In ya motsa ko ka ji ƙara a ciki, ajiye ta, don kan da ya fice ya fi ƙwallo haɗari. Sauya robar riƙo ba wuya: tsaga tsohuwar da reza, naɗa salatif mai manne fuska biyu, jiƙa shi da ɗan fetur, zura sabuwar da sauri, ka bar ta ta kwana.

Jakar ba ta da nauyi, tana da ƙafafu biyu na tsayawa, sai dai ƙurar hunturu na cije zif, ƙarangiya kuma na maƙale wa madaurin kafaɗa. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu sun isa wanke tsagogin fuskar sanda. Ƙwallo kuwa sayi rawaya ko ruwan lemo, fari ɓacewa yake a farin yashi.

Mai niyyar zuwa filin golf na Kano ya gwada kansa, wannan jaka za ta kai shi. Wanda ya riga ya iya sarrafa ƙwallo, ya ƙara kuɗi ya nemi wadda aka auna da tsawonsa.