Gidan abincin Indiya na Wuse 2: dal ya yi, amma mai ya yi yawa

Ranar Asabar abokiyar aikina 'yar Indiya ta ja ni wani gidan abincin ƙasarsu a Wuse 2, tare da mahaifiyarta da ta zo ganin jika. Wuri tsaf, ƙamshi tun daga bakin ƙofa. Jira ne matsalarsu: sai da muka shafe minti 40 kafin a kawo ko ruwa.

Dal ɗinsu kam ba magana. Ƙananan wake ne aka dafa har suka narke, da kurkum da tafarnuwa, kamar miyar wakenmu amma ya fi ta santsi. Naan ɗin ya tuna min gurasar Kano, sai dai sun yi masa wanka da man shanu har yana ɗiga a yatsa. Biryani kuwa shinkafa ce tuli guda, nama sai an tona. Kayan lambu ɗan tsiyat a gefe, kamar ado.

Abin da ya tsaya min a rai tsohuwar nan ce. Tana ta loda mana a faranti, nata wayam. Na ce, "Mama, ki ci mana." Ta yi murmushi, ta nuna mu ci tukuna. Sai da muka ture faranti ta yagi rabin naan ta dangwali ragowar dal. Wallahi Innarmu na gani, tana kankare ƙanzo bayan an fitar da kwanon maigida da na samari.

Ƙawata ta ce haka tsohuwar ta saba tun tana amarya a gidan surukai: maza, sannan yara, mace a ƙarshe, ko da ciki gare ta. Ga auren wuri, ga haihuwa kusa-kusa. Binciken lafiyar iyali da Indiya ta yi daga 2019 zuwa 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, kusan kashi 19 sun rame, kashi 24 kuma nauyinsu ya wuce kima. Wai in kuɗi ya shigo gida, farar shinkafa da soye-soye da kayan zaƙi ne ke ƙaruwa, kuma ba kowane gida ke barin mace ta fita miƙa ƙafa ba. Sai ki ga mace ta yi jiki, an ce hutu ne, a auna jini a tarar babu. Mu da ke sayar da maganin ƙarin jini kullum, mun san irinsu a Abujan nan.

Kuɗin ya ɗan ciji aljihu, amma kwano ɗaya ya ishi mutum biyu. Zan koma saboda dal. Ki ce musu tun farko a rage mai, suna ji. Ni dai in da Mama za mu je, farantinta zan fara cikawa.