Gargaɗi: a kula da masu tallar na'urar bin taurari ta bogi

Jama'a masu sha'awar ɗaukar hoton sararin sama, don Allah a yi hattara. Akwai wata talla da ke yawo a shafukan sada zumunta, wai na'urar bin taurari haɗe da doguwar lens mai 420-800mm a farashi mai rahusa, wai daga tsakiyar birni za ka ɗauko Andromeda, wani gungun taurari mai nisan gaske, da latsa maɓalli ɗaya. Wannan damfara ce tsagwaronta.

Abin da ke isowa cikin kwali, in ma ya iso, kan kyamara ne mai juyawa, irin wanda ake ɗaukar bidiyon tafiyar gajimare da shi. Na'urar gaskiya, kamar Star Adventurer ta Sky-Watcher ko SkyGuider Pro ta iOptron, tana bin juyin duniya ne daidai, zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56, kuma dole sai an saita ta a kan tauraron arewa, wato Polaris, ta wani ɗan madubi da ke jikinta. Tasu ba madubin, ba wurin saiti, gudunta ma daban. Ka ɗora kyamara ka buɗe ta daƙiƙa 30, taurari su fito zare-zare kamar an ja alli a bango.

Ita kuwa lens ɗin, a 800mm ƙofarta f/16 ce. Hasken da ke shiga bai taka kara ya karya ba. Hoton wata za ta iya ɗauka, amma dusu-dusun hasken Andromeda a ƙarƙashin fitilun birni, ina!

Abin da ya fi ƙona mini rai hotunan da suke nunawa ne. Ku duba taurari masu haske a ciki: in kun ga dogayen tsinaye shida da ƙanana biyu, wannan aikin James Webb ne, babban madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, suka sato. Sabon shiga bai san haka ba, sai ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya watsar da abin da yake so.

Har da gilashin tace haske da suke cewa yana goge hasken birni gaba ɗaya. Irin wannan gilashi fitilun sodiyam yake ragewa, fitilun LED kuwa kusan duk launuka suke fitarwa.

Kafin ku biya, ku nemi ainihin fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da ba a gyara ba, da bayanan kyamara a jikinsa, ku tambayi kilo nawa na'urar ke ɗauka. Star Adventurer da SkyGuider Pro kilo 5 ne. Wanda ya fara kame-kame, ko ya matsa a tura kuɗi asusun wani mutum yanzu-yanzu, ku toshe shi, ku kai ƙarar shafinsa.