Littafin kasafin kuɗi na ɗan ƙasa: yana nuna alkawari, bai nuna abin da ya iso aji ba

Ma'aikatar kuɗin Nijar da ke Yamai tana fitar da wani taƙaitaccen littafi mai suna Budget citoyen, wanda aka tsara domin mutum ya fahimci kasafin kuɗin ƙasa ba sai ya karanta dokar kasafin mai ɗaruruwan shafuka ba. Kyauta ne, ana sauke shi a intanet a matsayin PDF. Tambaya ɗaya muka auna shi da ita: mamban kwamitin kula da makaranta a jihar Tawa, ko wakilin ƙungiyar malamai, ko ɗan jaridar rediyon gari, zai iya riƙe wannan littafi ya san nawa aka ware wa ilimi da samar da aikin yi, kuma ya bi sawun kuɗin? Rabin farko na tambayar, littafin ya amsa shi da kyau. A rabi na biyu ne ya gaza, kuma a nan matsalar makarantunmu take.

Nauyin da ke kan irin wannan takarda ya ƙaru. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar dokoki mai kujeru 171 ce ke tantance kasafi. Kafin ƙarshen Yuni ana muhawara kan alƙiblar kasafin shekara mai zuwa, daga baya a buɗe zaman kasafi, kwamitin kuɗi ya kira ministoci ɗaya bayan ɗaya su kare abin da suka nema. Ɗan majalisa yana da ikon aika tambaya a rubuce, ko ya tsayar da minista a zaure, ko a kafa kwamitin bincike. Ba kullum ake amfani da wannan iko yadda ya kamata ba, amma ƙofar tana nan. Tun bayan rushe majalisar, da dokar shugaban ƙasa ake zartar da kasafi. Majalisar tuntuɓa ta CCR da aka girka a Yunin 2025 shawara take bayarwa. Majalisun ƙananan hukumomi ma an rushe su a Afrilun 2024, kantomomi ke riƙe da su. Saboda haka tambayoyin da wakilai ke yi a da, yanzu sun koma wuyan uwayen yara, malamai da 'yan jarida.

Abin yabo na farko shi ne tsarinsa. Yana bayyana inda kuɗi ke fitowa: haraji, kwastan, tallafin abokan hulɗa, da bashi. Yana bayyana manyan gidajen kashewa: biyan bashi, albashi, kayan aiki na yau da kullum, tallafi da ake miƙa wa hukumomi da ɗalibai, sai ayyukan gine-gine. Yana kuma zayyana matakan haɗa kasafi. Wanda bai taɓa buɗe takardar kasafi ba zai iya gama shi a zama ɗaya ya fito da hoto a kansa. Ga mai koyar da manya ko mai shirin rediyo, wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye shi.

Sai dai akwai wuraren da mai karatu ke tuntuɓe, kuma littafin bai ja kunne a kansu sosai ba. Na farko rubutun lambobi. A salon Faransanci waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, ɗigo ko tazara kuma ke raba dubbai. Idan kun ga 3.291,62 a jadawalin da aka rubuta miliyar (wato miliyan dubu) a samansa, miliyar dubu uku da ɗari biyu da casa'in da ɗaya ne da 'yan kai. Ku duba kan kowane jadawali, domin wani da miliyan ake lissafi, wani da miliyar, kuma kuskure ɗaya a nan yana ninka adadi sau dubu.

Na biyu, kuɗin ilimi ba a gida ɗaya suke ba. Akwai ma'aikatar ilimin firamare da sakandare, akwai ta ilimi mai zurfi, akwai ɓangaren koyar da sana'o'i, kuma sunayensu da iyakokinsu suna canzawa duk lokacin da aka yi wa gwamnati garambawul. Wanda ya kwatanta bana da bara ba tare da duba ko an haɗe ma'aikatu biyu ba zai yi shelar ƙari ko ragi da babu shi. Kuɗin alawus na ɗalibai da hukumar ANAB ke biya suna gidan tallafi ne, ba gidan gine-gine ba. Na malaman kwantaragi kuwa, ku tambayi layin da aka sa su kafin ku ce ga jimillar abin da ake biyan malamai. Kuma ku tuna albashi ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin ilimi. Idan aka ce kason ilimi ya ƙaru, ba lallai ba ne aji ko benci ya ƙaru.

Babban raunin littafin shi ne yana tsayawa a ranar da aka zartar da kasafi. Tun daga dokar kasafi ta 26 ga Maris 2012, da komawa tsarin kasafi bisa shirye-shirye a 2018, kowane babban aiki yana da adadi biyu. AE shi ne iyakar abin da ma'aikata za ta iya sa hannu a kwangila a kansa, ko da aikin zai ɗauki shekaru. CP shi ne abin da za a iya biya a cikin wannan shekara kaɗai. A ce an rubuta AE na miliyan 300 domin gina azuzuwa 30, CP kuma miliyan 120. Wanda ya karanta na farko zai sa ran azuzuwa 30 a bana, alhali kuɗin da ke akwai na 12 ne kawai, in ma an sake su duka. To, ba a sakinsu duka a lokaci guda. Ma'aikatar kuɗi tana buɗe su kashi-kashi bisa abin da ya shigo baitulmali, kuma idan aljihu ya yi ƙunci, albashi da bashi da tsaro ake fara biya, gine-gine su jira.

Bayan an saki kuɗi ma, sai sun bi matakai huɗu. A ɗaure kuɗin da sunan aikin, mai sa ido kan kashe kuɗi ya amince. A tabbatar an yi aikin a lissafa abin da ake bin gwamnati. A ba da umarnin biya. Sannan baitulmali ya biya. Kuɗi na iya maƙalewa a kowane mataki, kuma kowanne da alamarsa a ƙasa. Idan ba a ga ɗan kwangila ba sam, galibi mataki na farko ne bai wuce ba, ko ba a kammala tantance masu neman kwangilar ba. Idan gini ya kai lintel ya tsaya, sau da yawa ɗan kwangila ya cinye kuɗin somin aiki, yana jiran a biya shi kashi na gaba. Idan an gama gini amma ba a buɗe ba, ku tambayi takardar karɓar aiki ta wucin gadi. Littafin ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin adadin da aka yi niyya yake ɗauke da shi.

Shekarar 2023 ta isa misali. Kasafin farko ya kai miliyar 3.291 na sefa. A Oktoba, bayan takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da dakatar da tallafin waje, aka rage shi zuwa miliyar 1.981, ragin kusan kashi 40 cikin ɗari. Wanda ke riƙe da lissafin farkon shekara yana riƙe da adadin da ya daina aiki. Wannan ne ya sa muke cewa duk aikin makaranta da kuka gani, ku duba ko da kuɗin cikin gida za a yi shi ko da na abokan hulɗa, kamar asusun bai-ɗaya na ilimi wato FCSE. Na waje yana da nasa sharuɗɗan, kuma yana iya tsayawa a rana ɗaya.

Akwai kuma saɓanin kalanda da babu wanda ke bayyana wa uwaye. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, shekarar karatu kuwa daga Oktoba zuwa Yuni. Kwangilar da aka tallata a Afrilu, aka sa wa hannu a Yuli, damina ta riske ta, da wuya ajin ya karɓi yara a Oktoba. Sai a koma ga rumfar kara, ita ma sai an yi girbi an samu karan hatsi, yara su yi asarar makonni. Kowa ya san haɗarin waɗannan rumfuna tun gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda kowace ta ci rayukan yara ashirin ko fiye. Littafin da ake yi domin ɗan ƙasa ya kamata ya ware shafi guda: azuzuwa nawa aka yi alkawari bara, nawa aka karɓa, nawa suka rage a kowace jiha. Ɗan Madawa ko Illela ko Keita ba ya ganin garinsa a jimillar ƙasa.

Ɓangaren aikin yi ya fi na ilimi duhu. Kuɗinsa a warwatse suke tsakanin ma'aikatar ƙwadago, hukumar ANPE mai rajistar masu neman aiki, asusun FAFPA mai ɗaukar nauyin koyon sana'a, da ayyukan noma da hanyoyi da ake cewa za su ɗauki matasa. Taƙaitaccen littafi ba zai haɗa muku su ba. Kuma adadin waɗanda aka horar daban, adadin waɗanda suka samu aiki daban. Matashin da ya gama Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko ya koyi walda na wata shida, tambayarsa ita ce mutum nawa daga cikin 'yan bara ke aiki yau. Amsar, in akwai ta, tana cikin rahoton sakamako na shekara na ma'aikatar.

Yadda muka ga ya fi amfani shi ne a haɗa shi da wasu takardu uku. Rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, wanda doka ta tanada, shi ke nuna kashi nawa aka kashe a zahiri. Takardar PAP ta ma'aikata tana faɗin abin da ta yi niyyar cimmawa, ta RAP kuma abin da ta cimma. Sai sanarwar kwangiloli da ke fitowa a jaridar Le Sahel, inda ake ganin sunan gari, yawan azuzuwa da wa'adi. A matakin makaranta kuwa, kwamitin kula da makaranta, wato CGDES, ya kwafi abin da ke allon aikin: sunan kamfani, mai ba da kuɗi, wa'adi. Ya rubuta wasiƙa zuwa ofishin sufeto da na kantoma, ya ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Ya nemi a sa wakilinsa ranar karɓar aiki, a ƙirga bencina, a duba daɓe da rufi da ƙofofi, a rubuta duk aibi a takardar kafin a sa hannu. Galibi ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, har kashi 5 cikin ɗari, sai bayan shekarar garanti. Tsagewar bango da aka rubuta a cikin wannan shekara shi zai gyara, wadda aka yi shiru a kanta ta zama ta gari.

Kwafin da muka duba na Faransanci ne. Tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya dace kowace fitowa ta zo da Hausa a lokaci guda, har da sigar murya da za a iya turawa ta WhatsApp a kuma sa a rediyon karkara. Ga masu bugawa a shagon fotokwafi: zanen da'ira mai launuka yana dagulewa a baƙi da fari, don haka ku rubuta kason kowane yanki da biro kafin ku ninka kwafi, kuma ku buga jadawalai a kwance domin kada lambobin gefe su yanke.

Muna ba malamai, 'yan kwamitin makaranta da 'yan jarida shawarar su sauke shi kowace shekara, su ajiye na shekaru uku a jere domin kwatance. Wanda zai je gaban kantoma ko daraktan ilimi na jiha da batun ajin da ba a gama ba, ya tafi da lambar kwangilar da hoton allon aikin, littafin ya zama na ƙarin bayani.