Wasan Wuta ko Tartsatsin Wuta?

Masu fassara labarai suna da sunaye biyu ga kalmar Turanci "fireworks", wato hasken da ake harbawa sama daren sabuwar shekara, fasahar da tushenta albarushin da Sinawa suka gano a ƙarni na 9. "Wasan wuta" ya fi kama ma'anar biki, sai dai yakan tuna wa Bahaushe maƙeran da suke riƙe garwashi da hannu a bainar jama'a, ko gargaɗin nan na wasa da wuta. "Tartsatsin wuta" kuwa ya yi kaɗan, domin ko murhu yana tartsatsi. A ganina na farkon ya fi dacewa, ko da yake babu wanda ya ɗauki ma'anar zazzafar cacar baki da kalmar Turancin take da ita.